Kafin ka biya kuɗin sabuwar akori-kura a Kaduna, ga yadda zaka auna ta

Duk wanda ya ɗaura niyyar sayen sabuwar akori-kura a wannan zamanin ya san ba ƙaramin kuɗi zai fitar ba, tunda aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023 sannan aka saki naira a watan Yuni farashin motoci yayi tashin gwauron zabi, kuɗin da zaka zuba a dabul kabin (mai ƙofa huɗu da kujerun baya) guda ɗaya yanzu ya isa ya gina ma wani gida har ya tare. Shi yasa abin yake damuna sosai in naga mutum ya shiga wajen masu sayar da mota ya zagaya ta sau ɗaya, ya leƙa ciki yaga kujerun fata da ƙaton allo a gaba, ya tambayi farashi aka ɗan rage mai wani abu shikenan yace a bashi lambar akawun. Wallahi ɗan'uwa wannan kasada ce. Mota ce da zaka zauna da ita shekara biyar ko goma, ita zata kai ka gona ta dawo da kai, ita zata ɗauki iyalinka zuwa gida ranar sallah, to ka bata ko da sati biyu ne na bincike kafin ka saki kuɗinka.

Aikin farko a gida ake yin sa da biro da takarda. Ka rubuta tsakaninka da Allah aikin da motar nan zata riƙa yi a mafi yawan kwanakin shekara, ba wanda kake hasashen wata rana zata yi ba. Mai gona a wajen Saminaka ko Soba da zai riƙa shiga da taki da damina ya fito da masara da kaka buƙatarsa daban, mai sayen citta a Kachia da Kwoi tashi daban, ɗan kwangilar da ke kai siminti da rodi sait a Millennium City daban, haka shima wanda aikinsa duk sati Kaduna zuwa Abuja ne kan kwalta, bayan motar babu komai sai jakar kayansa. Waɗannan mutane huɗu in suka sayi mota iri ɗaya to aƙalla biyu daga cikinsu sun yi asara.

Ka fara da lodi, don anan mutane suka fi yaudarar kansu. Yawancin motocin nan, Hilux ce ko Ranger ko D-Max ko L200, abin da aka ƙera su su ɗauka tan ɗaya ne ko kusa da haka, kuma a cikin tan ɗayan nan har da kai direba da duk wanda ke zaune a ciki. Wato buhun masara mai kilo 100 guda goma kenan ko siminti buhu 20, in kuma ka zuba mutum biyar a ciki sai ka cire buhun masara uku ko huɗu daga lissafin. In ka san aikinka buhu 25 ne a kowane sahu to ba akori-kura kake nema ba, ƙaramar motar ɗaukar kaya irin Kanta ko Dyna kake nema, kada ka sayi mota mai tsada ka riƙa danne ta har bayanta ya zauna ƙasa sannan kazo kana cewa sifirin ɗinta ba ƙwari. Sai tsawon bodin baya, na dabul kabin wajen mita ɗaya da rabi ne, na singil kabin mai kujerun gaba kaɗai ya haura mita biyu, kuma singil ta fi araha nesa ba kusa ba. Mutane da yawa dabul suke saye saboda ta fi kwarjini alhali kujerun bayan nan ba mai zama sai jarka da igiya.

Maganar fowil kuwa, wato tsarin da ke sa tayoyi huɗu duka su ja motar, a taƙaice take. In ƙafarka na sauka daga kwalta da damina, irin hanyoyin ƙauyukan Kauru ko Kajuru ko cikin Giwa inda jar laka ke riƙe mota a watan Agusta, ka sayi mai fowil kada ma ka tsaya tunani, in da hali ka nemi wadda ke da makullin dif na baya wanda ke sa tayoyin baya biyu su juya tare ko da ɗaya ta rasa abin kamawa. In kuma rayuwarka cikin gari ce da manyan tituna to kuɗin fowil kuɗi ne da zaka biya sau biyu, ranar saye da kuma kullum a gidan mai saboda ƙarin nauyi. Kuma ka sani fowil ɗin yawancinsu ba a sa shi a busasshiyar kwalta, 4H na laka ne da yashi da burji, 4L na inda ka kafe ne ko hawa mai tsanani, in ka barshi a kunne kana yawo a Ahmadu Bello Way zaka wahalar da giya da tayoyi a banza. L200 mai tsarin Super Select ita ce aka yi ta yadda zata iya tafiya da fowil ko a kwalta.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu, fetur ko dizal. Misali mu ɗauki Hilux tunda ita kowa ya sani. Akwai mai injin fetur 2.7, sannan akwai dizal 2.4 da 2.8. Na fetur ɗin tsohon tsari ne mai sauƙin kai, bashi da tarbo, sarƙa ce ke juya taimin ɗinsa ba bel ba, kuma da wuya ka samu bakanike a Kaduna da bai taɓa buɗe irin sa ba. Aibinsa biyu ne, yana shan mai kuma in an yi masa lodi a hawa sai ka riƙa rage giya. Ƙarfin jansa bai wuce 245 a ma'aunin da suke rubutawa Nm ba, alhali dizal 2.4 yana kai 400, shi kuwa 2.8 mai giya otomatik tun daga 2020 yana ba da 500. Wannan bambancin ba a takarda kawai yake ba, zaka ji shi a jikinka ranar da ka ɗauko taki kana son wuce tirela a hanyar Zariya.

To amma dizal na zamani ba irin dizal ɗin da bane da ake zuba masa duk abin da aka samu ya tafi. Injekta ɗinsa na fesa mai da matsin da ya kai kusan ninki dubu na iskar da ke cikin tayarka, ƙofofin da man ke fita ƙanana ne ƙwarai, ɗan ruwa ko datti ko kananzir da aka gauraya a cikin man ya isa ya lalata su, kuma saitin injekta huɗu da famfo kuɗi ne da zai girgiza ka. Don haka kafin ka zaɓi dizal ka tambayi kanka a ina zan riƙa shan mai. In kana da gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su kuma tankin lita 80 zai kai ka ya dawo da kai, to bismillah, dizal zai yi maka daɗi. In kuwa aikinka na kai ka inda sai na jarka a bakin hanya, ko kuma direbobi ne daban-daban zasu riƙa jan motar ba kai ba, ni shawarata ka ɗauki fetur ka haƙura da shan mansa. Na fetur ɗin ma shi ake iya juyawa ya koma amfani da iskar gas ta CNG in ka ga dama nan gaba, sai dai ka fara tambaya ko yin hakan zai soke maka waranti, kuma tukunyar gas ɗin zata cinye maka wani ɓangare na bodin baya.

Akwai wani tarko kuma a dizal da ba kowa ke faɗa maka ba. Motocin da aka ƙera don Turai suna zuwa da wata matata a cikin salansa mai suna DPF da ke tare baƙin hayaƙi, wasu har da tankin wani ruwa da ake kira AdBlue. Matatar nan tana buƙatar tsaftataccen mai da doguwar tafiya da gudu kafin ta ƙone abin da ta tara, in ka riƙa yin gajeren zirga-zirga daga Unguwar Rimi zuwa kasuwa ka dawo sai ta toshe, wuta ta kama a dashbod mota ta rage ƙarfi. Ka tambayi mai sayarwa kai tsaye, wannan don wace kasuwa aka ƙera ta, tana da DPF ko babu. In ya fara kame-kame ka sa a ɗaga motar a duba.

Ita kuma maganar aminci, wato motar da bazata baka kunya ba, ni ga yadda nake kallonta. Babu motar da bata lalacewa, duk wanda yace maka tashi bata taɓa zuwa gareji ba to bai daɗe da ita bane. Tambayar ita ce in ta tsaya yau yaushe zata koma hanya, gobe ko bayan sati shida ana jiran kaya daga waje. Mu mutanen Kaduna mun fi kowa sanin wannan, a 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, kuma abin da ya sa akori-kurar 404 da 504 suka riƙe kasuwannin ƙauye shekara da shekaru ba wai basa lalacewa bane, a'a, duk garin da ta tsaya maka akwai wanda ya san ta kuma akwai kayanta a shagon gefen tasha. Wannan ma'aunin har gobe shi ne.

Saboda haka ga gwajin da nake so kayi kafin ka ba da ko kafin alƙalami. Ka rubuta sunan motoci biyu ko uku da ranka ya kwanta da su, da shekararsu da girman injinsu, sannan ka rubuta kaya kamar bakwai, filtar mai, filtar iska, fad ɗin birki, shoka, farantin kuloci in mai giyar hannu ce, fitilar gaba, da gilashin gaba. Ka tafi Panteka da wajen masu sayar da kayan gyara ka bi shago-shago kana tambaya, akwai shi a ƙasa yanzu, nawa ne orijinal nawa ne mai bi masa, in babu daga ina za'a kawo kuma kwana nawa. In ance maka akwai ga shi, madalla. In ance sai an aiko daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Ladipo a Legas kwana biyu uku, da sauƙi. In kaga mai shago ya karɓi takardar yana juya ta yana tambayarka wace mota ce wannan, to ka samu amsarka. Fitila da gilashi na saka su da gangan, don su ne ke fashewa a ƙaramin hatsari ko dutse ya tashi daga tayar tifa, kuma su ne suka fi wuyar samu a motar da bata yi yawa a gari ba.

Daga nan ka wuce Kurmin Mashi wajen makanikai, amma kada ka tambaye su wace mota ce tafi kyau don kowa wadda ya iya zai faɗa maka. Ka tambaya wace matsala kuka fi gani a wannan, a wane kilomita take fara ta, kuma kuna da kwamfutar da ke karanta ta. Sannan ka nemi direbobin ma'aikatu da kamfanonin gini da ƙungiyoyin agaji, su ne suke kwana su tashi da motocin nan a munanan hanyoyi kuma ba su suka saya ba balle su kare zaɓinsu, gaskiyar da zaka ji a bakinsu cikin minti goma baza ka same ta a takardar talla ba.

A kan wannan ma'auni Hilux ce ke gaba a Arewa, ba na jin akwai mai musu, tun 1968 ake ƙera ta kuma kayanta har a ƙananan garuruwa ana samu, shi yasa ma take da tsada kuma shi yasa in ka tashi sayarwa baka kwana biyu da ita. Amma tsadar nan ta kai inda dole mutum ya duba wasu. D-Max ta Isuzu an san injinta na 3.0 da juriya, L200 tana da laushi kuma bata kai Hilux kuɗi ba, Ranger ta fi yawancinsu daɗin zama da natsuwa a kan titi sai dai tana son bakanike mai ilimi da irin baƙin man da kamfani ya rubuta ba kowanne ba. Sai na Chana irin su JAC T8 da Changan Hunter da Maxus T60 da GWM Poer, waɗanda zasu baka kyamara da kujerun fata da allo a kuɗin da ba zai saya maka ko Hilux mafi ƙanƙanta ba, ga Innoson ta Nnewi, ga kuma Peugeot Landtrek da kamfanin Dangote Peugeot ke haɗawa nan kan hanyar Abuja, wadda asalin gininta ɗaya ne da Changan Hunter. Ni bana cikin masu cewa duk ta Chana banza ce, wannan maganar ta tsufa. Abin da nake cewa shi ne in zaka saye ta ka tabbatar akwai wajen sabis na kamfanin a Kaduna ko aƙalla Abuja, kaje wajen da ƙafarka ka gani da idonka akwai kaya a kan kanta ko allon suna ne kawai, kuma ka sa a ranka cewa ranar sayarwa zata faɗi fiye da Toyota.

Toh sai jin daɗi, wanda wasu ke ɗauka kamar shagwaɓa ce. Malam wanda ke yin awa uku huɗu a kan sitiyari ya san ciwon baya ba wasa bane, kuma gajiyayyen direba shi ke yin hatsari. Akori-kura a baya sifirin ɗin faranti gare ta wanda aka yi don ɗaukar nauyi, shi yasa in babu kaya take tsalle, kuma kowace da irin nata tsallen. Kada ka yarda gwajin ya tsaya a zagaye ɗaya kan lafiyayyar kwalta. Kace a fita da kai inda akwai gargada da ramuka, ka tuƙa da kanka, sannan ka sauka ka koma kujerar baya wani ya ja, don nan ne mahaifiyarka ko maiɗakinka da yara zasu zauna. Ka lura jinginar bayan a miƙe take ƙyam ko ta ɗan kwanta, gwiwarka na taɓa kujerar gaba ko a'a, akwai ƙofar esi a baya ko sai wanda ya taso daga gaba. In da hali kaje da Hajiya ta hau ta sauka da kanta, don tsayin motocin nan yana wahalar da mata da dattawa in babu matakala a gefe.

Esi kuwa da rana tsaka ake gwada shi, ka bar motar ta sha rana sannan ka shiga ka ga minti nawa zata ɗauka kafin ta huce, ka tuna zafin Maris da Afrilu kake saya ma wannan esin ba sanyin Disamba ba. Ka hau baifas ka kai ta gudun 100 ka kashe rediyo ka saurara, ƙarar iska da ta taya da ta injin, in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka to haka zaka yi ta fama har Abuja. Ka duba robobin ƙofa da kyau saboda ƙurar hunturu, ka tambaya ko tana da filtar esi don wasu ƙananan samfura basa zuwa da ita. Wili kuma kada girman sa ya ruɗe ka, mai inci 17 da taya mai kauri ya fi mai 18 ko 20 laushi kuma ya fi jure rami, tayarsa ma ta fi sauƙin samu. Kujerar fata tana da sauƙin gogewa amma in ta sha rana sai ka shimfiɗa wani abu kafin ka zauna. Giya otomatik hutu ce ga mai shiga go-sulo na Kawo ko wajen kasuwa kullum, ta hannu kuma ta fi araha da sauƙin gyara ga motar da yaran aiki zasu ja. Wani ƙaramin abu da ake mantawa, dabul kabin tsawonta ya kai mita 5.3, ka auna get ɗinka da inda zaka ajiye ta da lungun gidanku kafin ka kawo ta.

Abin da bana so ka sassauta a kai ko kaɗan shi ne kariya. Suna ɗaya ba ya nufin mota ɗaya, samfurin ƙasa da ake kawowa ƙasashenmu sau da yawa an cire masa abubuwan da na Turai ke da su. A 2018 ƙungiyar Global NCAP ta gwada Nissan NP300 Hardbody da ake sayarwa sabuwa a Afirka ta Kudu ta hanyar buga ta da gangan, bata samu tauraro ko ɗaya ba wajen kare manya duk da tana da jakar iska biyu, saboda bodin kansa ne ya murƙushe. Ka tambaya jakar iska nawa ne kuma a ina da ina, akwai ABS mai hana tayoyi ƙamewa in ka taka birki da ƙarfi, akwai na'urar da ke hana mota zamewa in ka kauce ma wani abu da gudu. Wannan ta ƙarshen tana da muhimmanci ƙwarai a akori-kura don doguwa ce kuma bayanta ba nauyi, in ana ruwa bayan na saurin juyawa. In zaɓi ya zo tsakanin kujerar fata da wannan na'urar, dan Allah ka bar fatar.

Sai ka tabbatar sabuwar da ake ce maka sabuwa ce da gaske. Akwai sana'a guda yanzu ta ɗaukar Hilux ta 2016 ko 2017 a canza mata fuska da fitilu da bamba ta koma kamar ta 2022, a wanke ciki a sa leda a kujeru. Yin haka ba laifi bane in an faɗa maka, laifin shi ne a karɓi kuɗin sabuwa. Ka haɗa lambar shasi da ke jikin ƙarfen motar da wadda ke kan farantin jikin ƙofa da wadda ke takardar kwastan, duk su zama ɗaya harafi da harafi, guda 17 ne. A Toyota in ta fara da MR0 daga Tailan take, AHT Afirka ta Kudu, 8AJ Ajantina. Ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe akwai ɗan ƙyalle da ake rubuta shekarar da aka yi shi, ka duba tayoyi akwai lamba huɗu a gefe, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, misali 1524 sati na 15 kenan a 2024. In mota ta 2024 ce amma bel na cewa 2016 ai magana ta ƙare. Ka kuma kula da wadda aka juya ma sitiyari, tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama kuma mota mai sitiyari a dama bata halatta ba, shi yasa wasu ke shigo da irin su a mayar da sitiyarin hagu a gareji. Ka sa bakanikenka ya leƙa ƙarƙashin dashbod da bangon injin ya nemi alamar walda ko ramukan da aka toshe, ka duba waifa ta wane gefe take sharewa sosai. Motar da aka yanka aka mayar ma da sitiyari da birki ni bazan sa iyalina a ciki ba ko nawa aka rage.

Ko sabuwa ce dal ka tambayi tun yaushe take ajiye, don wata tana yin shekara biyu a fili rana na dukanta, batir ya mutu tayoyi sun fara bushewa. Wannan dalili ne na neman ragi ko a canza maka su kafin ka ɗauka.

Yanzu sai mu zo lissafin kuɗi, kuma da gangan na barshi sai yanzu, don farashin da ke jikin gilashi rabin labari ne. Abin da zaka lissafa shi ne nawa motar zata ci maka a shekara biyar. Ka ɗauki kuɗin saye, ka ƙara mai, ka ƙara juye da sabis da taya saiti ɗaya ko biyu, ka ƙara inshora da takardu, sannan ka cire abin da kake ganin zaka sayar da ita a ƙarshe. Misali kawai, a ce kana yin kilomita 25,000 a shekara, wata na shan lita 13 a kowane kilomita 100 wata na shan 9, ta farko lita 3,250 kenan ta biyu 2,250, bambancin lita 1,000 duk shekara, 5,000 a shekara biyar, sai ka buga da farashin da ake sayarwa yau ka tuna kuma litar dizal yawanci ta fi ta fetur tsada. Wani lokaci dizal ke cin wannan lissafin, wani lokaci in tafiyarka bata da yawa ƙarin kuɗin sayen sa ba zai taɓa dawowa ba. Don sanin na sayarwa kuwa kaje wajen dillalan mota ka tambayi nawa ake sayar da ƴar shekara biyar ta kowace iri, kuma wacce ce ke daɗewa a ajiye ba mai tayawa. A nan zaka ga mai arahar ta cinye ragin da ta baka, ko kuma kaga ragin ya yi yawan da ko ta faɗi kai ne da riba. Biyun duk suna faruwa, lissafinka ne zai nuna maka.

Waranti shima kuɗi ne. Dilan da kamfani ya amince da shi yakan ba da shekara 3 ko kilomita 100,000, wasu har shekara 5, amma wanda ya shigo da mota da kansa daga Dubai sau da yawa in ka fita get shikenan. Zai iya fin araha kuma motar lafiya lau, sai dai ka san abin da ka bari. Ka karanta sharuɗɗan da kanka, a ina dole kayi sabis, duk kilomita nawa, me ke soke shi, don in sai ka kai ta Legas kafin a duba maka ita to da shi da babu kusan ɗaya ne.

Kada kuma ka zuba duk abin da ke hannunka a kan saye. Ka ware na rajista da lamba, da inshora mai cikakkiyar kariya wadda tun 2023 hukumar kula da inshora ta NAICOM ta ce kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota, da na'urar bin sawu don motocin nan musamman Hilux ɓarayi na son su, da shimfiɗar roba ko feshin da ke kare bodin baya daga tsatsa tunda taki yana cin ƙarfe sosai. In da bashin banki zaka saya, ko irin murabahar da su bankin Jaiz ke yi, ka tambayi jimillar abin da zaka biya daga farko har ƙarshe ka saka shi a wancan lissafin na shekara biyar maimakon farashin dila.

Ranar ɗauka kaje da rana kada ka karɓi mota da magariba, kaje da bakanikenka, ku duba fenti a hasken rana ku kunna komai ɗaya bayan ɗaya har da fowil da makullin dif, ku sauke safaya taya ku mayar don ka san yadda ake yi kuma ka tabbatar jak da sifana suna nan. Ka karɓi makulli biyu, da littafin waranti an buga masa hatimi da kwanan wata, da rasit mai ɗauke da lambar shasi, da asalin takardun kwastan ba hoto ba. Kilomita 1,000 na farko ka bi ta a hankali banda lodi mai nauyi banda gudu na fitar hankali, kuma da irin ƙurarmu da zafinmu ka riƙa yin juye duk kilomita 5,000 kana duba filtar iska akai-akai da hunturu, in dizal ce kuma ka sa a nuna maka inda ake tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filtar mai tun kafin ka bar wajen.